Zan kai Baba Umra: wane jirgi ne ya fi wajen miƙe ƙafa a ikonomi?

Ɗan_Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba hawa jirgi. In Allah ya yarda zan kai Baba Umra bayan ƙaramar sallah, to matsalar Baba dogo ne sosai, irin dogayen Fulanin nan, ɗakina ma sai ya sunkuya yake shiga, ga ciwon gwiwa da ya sa shi gaba shekara uku kenan, sallah ma a kan kujera yake yi. Bara da muka je Kano ta hanyar Dukku sai da muka tsaya sau huɗu don ya miƙe ƙafa, da muka isa kuma daren nan bai runtsa ba. Kuɗin bizines kam ba mu da shi, ikonomi za mu yanka. Wane kamfani ne kujerunsa suka fi sarari ta gaba, inda gwiwa ba za ta riƙa tokarar kujerar gaba ba? Ejan ɗinmu ya kawo mana Saudia da Ethiopian da EgyptAir da Qatar ya ce mu zaɓa.

Hamma_Pantami:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Qatar kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Na bi su daga Abuja zuwa Doha, ni ma ba gajere ba ne, har muka sauka gwiwata ba ta taɓa komai ba.

Maman_Ilham:
Qatar akwai daɗi ba musu, amma Hamma ka duba tsawon hanyar mana. Abuja zuwa Doha wajen awa bakwai ne, a sauka a zauna jiran wani jirgin, sannan a sake juyowa baya awa biyu da wani abu zuwa Madina ko Jidda. Wato sai kun tsallake Saudiyyar a sama sannan ku dawo mata. Tsoho mai ciwon gwiwa ni a ganina gara ya sha matsi na ɗan lokaci ya sauka ya huta, da a ce ya wuni yana tafiya. In akwai wanda zai ɗauke ku kai tsaye daga Kano shi za ka bi.

Injiniya_Tumfure:
Ɗan_Jekadafari tambayar taka ina ganin sai an ɗan gyara ta. Ba sunan kamfani ne kaɗai ba, irin jirgin da aka sa a ranar da kuma lambar kujerar su ne zancen. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin wani wuri a jikin kujerarka zuwa daidai wannan wurin a kujerar gaba, da inci ake faɗa, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Manyan kamfanonin nan da ka lissafa kusan duk a inci 31 zuwa 32 suke yawo, har da Emirates da Turkish. Masu arha irin na Turai da Amurka su ne suke sauka inci 28 zuwa 30, Ryanair 30, Wizz Air 28. Wanda aka san shi da sakin wuri sosai Japan Airlines ne mai 33 zuwa 34, shi kuma ba hanyarmu yake bi ba. To ka ga tsakanin huɗun naka bambancin bai wuce inci ɗaya ba, faɗin babban yatsa kenan. Amma in ka samu kujerar da ba kowa a gabanta, wannan bambancin ya fi taku guda.

Hamma_Pantami:
Injiniya lissafinka daidai ne a takarda, amma wlh jiki yana jin bambanci. Inci ɗayan nan da kake rainawa shi ne tsakanin gwiwa ta taɓa da ba ta taɓa ba.

Injiniya_Tumfure:
Ban raina ba Hamma. Akwai ma abin da lambar ba ta nunawa, kaurin bayan kujerar. Tsofaffin kujeru masu kaurin soso suna cinye inci uku ko huɗu daga cikin 31 ɗin, sababbi kuma sirara ne, sai ka ga inci 30 a sabon jirgi ya fi 31 a tsoho sakewa. Sai dai siraran in an yi awa biyar a kansu ƙugu ne yake biya. Sannan wasu jiragen akwai wani akwatin ƙarfe na na'urar talabijin a ƙarƙashin kujerar gaba, in ka faɗa a wannan layin ƙafa ɗaya ba inda za ka zura ta.

Ummu_Sadiq:
Akwatin nan! Ashe abin da yake kenan. Ni na ɗauka wani ne ya tura kayansa, ina ta turawa da ƙafa ya ƙi motsi.

Sarkin_Tafiya_Wunti:
Ku bar wahalar da yaro. Ka ce wa ejan ya kama wa Baba kujeran ƙofar gaggawa, shi ke nan magana ya ƙare. Wajen nan ko tabarma za ka iya shimfiɗawa. Ni duk tafiya na shi nake nema.

Adda_Nas_Bolari:
Sarkin tafiya a'a, wannan shawarar ba za ta yi wa Baba ba. Kujerar ƙofar gaggawa ba a ba tsoho mai ciwon ƙafa, ba a ba mai ciki, ba a ba yara ko mai goyo. Sharaɗinta mutum ya kasance mai ƙarfin da zai iya buɗe ƙofar ya taimaki mutane in wani abu ya faru, kuma yana jin yaren da ma'aikatan jirgin za su yi masa bayani da shi. Ko kun biya kuɗinta a intanet in ma'aikaciya ta zo ta ga Baba da sanda za ta tashe shi, kuma tana da gaskiya. A gabana aka tashi wata hajiya a kanta, ta ji kunya sosai har da hawaye, ita gani take wulaƙanci ne alhali doka ce. Kar ka jefa Baba a wannan.

Sarkin_Tafiya_Wunti:
Toh Adda na karɓi gyara. Ban kawo maganar sandan a rai na ba.

Ɗan_Jekadafari:
Na gode Adda, wlh da ita na yi niyyar nema. To wacce ta rage kenan?

Adda_Nas_Bolari:
Layin farko na kowane sashe, wanda bango ne a gabansa ba kujera ba. Ba mai kwanto masa kujera a gwiwa, tashi ma ya fi sauƙi. Amma ka san abu biyu: yawanci masu jarirai ake fara ba wa don a jikin bangon ake maƙala gadon jariri, sannan hannun kujerar ba ya ɗagawa saboda teburin cin abinci a cikinsa yake. Kuma wani bangon yana kusa, gwiwa ta samu wuri amma ba za ka iya zura ƙafa ta miƙe sosai ba kamar yadda ake zurawa ƙarƙashin kujerar gaba. In ba a samu wannan ba to kujerar bakin hanyar wucewa ta cikin jirgin, kuma ka duba wace gwiwar ce ta fi ciwo, ita za ka sa ta ɓangaren hanya don ya riƙa miƙe ta in ba a wucewa da keken abinci.

Abu_Hanifa_Herwagana:
Ni abin da yake ban mamaki, mu da muka saba Hummer bus mutum huɗu a layi daga Gombe har Abuja, ga buhu a ƙarƙashin ƙafa, yau mu ne muke auna inci a jirgi. Allah mun gode maka da ni'ima.

Maman_Ilham:
Abu Hanifa mota fa ana tsayawa. A tsaya Bauchi a sha mai, a tsaya Jos ko Akwanga a yi sallah a ci abinci, kowa ya fito ya taka ƙasa. In abu ya dame ka ka ce direba don Allah tsaya. A sama wa za ka ce wa ya tsaya?

Direban_Gombe_Abuja:
Gaskiya Maman Ilham ta faɗa. Mu in mun ga dattijo dogo gidan gaba muke ba shi ko da wani ya riga shi, a roƙi wancan ya haƙura. Shekara goma sha ina wannan hanyar, na sha ganin tsoho ya sauko a tasha ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa sai an riƙe shi. Zaman wuri ɗaya ba wasa ba ne.

Adda_Nas_Bolari:
Shi ne abin da nake so in ƙara, don ni wannan ya fi damuna a kan jin daɗin kujera. Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman tsofaffi da masu ƙiba da wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Alamarsa ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa tana ciwo. Haɗarin shi ne gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. Don haka duk awa ɗaya ko biyu ka tashe shi ya taka zuwa bayi ya dawo, in an hana tashi ya riƙa juya idon sawu yana ɗaga dunduniya, ya sha ruwa sosai. Tsofaffinmu suna ƙin shan ruwa a jirgi wai don kar fitsari ya dame su ko alwala ta karye, ka lallashe shi. Akwai doguwar safa mai matse ƙafa da ake sayarwa a kemis, amma ku tambayi likitansa kafin ku saya tunda ban san ko yana da suga ba.

Alhaji_Bajoga:
Maganar ruwan nan gaskiya ce. Aikin hajjin da na yi, ba zan kira sunan kamfanin da ya kwashe mu ba, an cika kujeru a jirgin nan kamar an jera kwanuka. Wani dattijo daga ƙauyenmu yana gefena a tsakiya, ya naɗe babbar riga a cinya, jakar hannunsa da butarsa ya tura su ƙarƙashin kujerar gaba ya toshe ɗan wurin da zai sa ƙafa, ya haɗe gwiwa da ƙirji haka har muka isa. Na ce Baba kawo jakar in sa maka a sama, ya ce a'a guzurinsa na ciki. Ko ruwa bai kurɓa ba. Da muka sauka Madina takalminsa ya ƙi shiga, a hannu ya riƙe shi ya taka har wajen duba fasfo da safa. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, da na matsa masa.

Injiniya_Tumfure:
Allah sarki. Jiragen alhazai dama haka tsarinsu yake, haya ce, ana so a kwashi mutane da yawa a sawu kaɗan. Boeing 747 mai benen nan in aka jera shi kusan duk ikonomi yana ɗaukar sama da mutum 500. Kar Ɗan_Jekadafari ya auna jirgin Umra da na hajji. Darasin da ke cikin labarin Alhaji shi ne jaka ta tafi sama, ƙarƙashin kujerar gaba na ƙafa ne.

Ummu_Sadiq:
Ni kuma abin da ya fi ƙona min rai masu kwantar da kujera ba ko waiwaye. Ina cikin shan shayi wani ya danna ya kwanto gaba ɗaya, kofin ya kife min a farar abaya, ga yarinya a cinyata. Ko sannu bai ce ba.

Sarkin_Tafiya_Wunti:
Ummu Sadiq ki yi haƙuri amma kujeran shi ne, kuɗin shi ya biya, maɓallin ma don a danna aka sa. Rashin sannun ne dai bai kyauta ba.

Malam_Na_Kumo:
Sarkin tafiya, abu ya halatta gare ka ba ya nufin ka cutar da na bayanka da shi. Wurin da kujerarka take kwantawa a cikinsa gwiwar wani take. Me zai rage ka in ka juya ka ce ɗan'uwa zan ɗan kwanta? Lokacin cin abinci kuma ka ɗaga, ma'aikatan ma suna cewa a ɗaga. Ni na ga wanda ya waiwaya ya ga tsoho ne a bayansa ya fasa kwantarwa har aka sauka, ina ganin ladan wannan ba kaɗan ba ne, balle a hanyar ɗakin Allah.

Ummu_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Malam.

Hamma_Pantami:
Mun bar yaro da tambayarsa fa. Injiniya tunda ka ce irin jirgi ne, faɗa masa wanne zai nema.

Injiniya_Tumfure:
To. In da zaɓi a nemi babban jirgi mai hanya biyu a ciki, ya fi ƙaramin mai hanya ɗaya irin 737 ko A320, ba don tazarar ta fi ba kullum, sai don akwai inda za a tashi a taka, a tsaya a baya kusa da kicin, bayi ma ya fi yawa. A cikin manyan kuma A330 jerinsa 2-4-2 ne, wato kujera biyu a kowane gefe huɗu a tsakiya, in kuka kama biyun gefe kai da Baba ne kawai, kai a taga shi a bakin hanya, ba baƙon da zai ce ku tashi zan wuce. Wannan shi ne na fi so wa mai tafiya da tsoho. A350 da 787 yawanci 3-3-3 ne, A350 ta ɗan fi faɗin kujera, wajen inci 18. Boeing 777 kuma kamfanoni da yawa sun mai da shi 3-4-3, mutum goma a layi, faɗin kujerar wajen inci 17, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Ka karɓi lambar jirgin wajen ejan ka sa a shafin intanet na Google Flights, yana nuna irin jirgin har da incin wajen ƙafa. Taswirar kujeru kuma akwai shafin AeroLOPA. Abu ɗaya, kamfani yana iya canza jirgi ana gobe tafiya, sai ka sake dubawa lokacin cekin.

Maman_Ilham:
Ni da na bi EgyptAir daga Kano 737 ne ya kai mu Alƙahira, daga can zuwa Jidda awa biyu. Abin da na so a ciki an raba tafiyar gida biyu, an sauka an miƙe an yi sallah a ƙasa. Ethiopian ma haka ne ta Addis Ababa, su kuma suna da 787 da A350. Amma har yanzu ina kan bakana, kai tsaye ya fi wa tsoho.

Alhaji_Bajoga:
Kai tsayen ma ba kamar da ba ne Hajiya. Da Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi zuwa biyar an isa. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru. Ya tambayi ejan awa nawa aka rubuta a tikitin, kar ya yi lissafi da na da.

Malam_Na_Kumo:
Wani abin da zai duba, ina za su fara sauka. In Jidda ne kuma Makka za su wuce, to Baba zai ɗaura harami tun kafin jirgi ya kai miƙati, kuma canza kaya a bayin jirgi ga dogon mutum mai ciwon gwiwa wahala ce babba, gara ya ɗaura tun a ƙasa ya yi niyya a sama. In Madina aka fara, yana cikin kayansa hankali kwance, sai a Zul Hulaifa ya ɗaura. Saudia kuma wasu manyan jiragensu akwai ɗan wurin sallah a baya.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Malam ya kawo magana. Kuma daga Madina zuwa Makka kar ku sa shi a bas, tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu ce, awa biyar ko shida. Ku hau jirgin ƙasan Haramain, awa biyu da rabi kun isa, ana tashi a taka a ciki. Mahaifiyata da shi muka kai ta. Sannan ɗana ka ce wa ejan ya rubuta muku keken tura marasa lafiya a tikitin tun yanzu, kyauta ne, aƙalla kwana biyu kafin tafiya ake so a sanar. Filayen jirgin can tafiyar ƙafar da ke cikinsu ta fi zaman jirgin gajiyarwa. In Baba ya ce shi ba gurgu ba ne ba zai hau ba, don haka suke cewa, ka ce masa ƙarfin ɗawafi da sa'ayi ake tara masa.

Abu_Hanifa_Herwagana:
To daga nan gida fa? Ta filin jirgin Lawanti na nan Gombe za ku tashi zuwa Abuja ko mota za ku bi zuwa Kano?

Ɗan_Jekadafari:
Shi ma ban yanke ba. In Kano ne sai mota, in Abuja ne sai mu hau jirgi a Lawanti.

Sarkin_Tafiya_Wunti:
Na cikin gida kam bai kai abin damuwa ba, awa ɗaya ne an sauka, daga Bauchi ma haka. Amma in ka dace da Embraer E2 irin na Air Peace, biyu-biyu ne ba kujeran tsakiya. Ƙananan nan ERJ145 masu ɗaukan mutum 50 kuma ɗaya ne a hagu biyu a dama, sai dai rufin su gajere ne, Baba zai shiga a sunkuye har ya zauna, ka riƙe mishi hannu a matakala.

Tela_Tudun_Wada:
Ni ban taɓa hawa jirgi ba amma awo sana'ata ce. Tunda Injiniya ya ce da inci ake yi, me zai hana ka auna Baban? Ka zaunar da shi a benci ya jingina da bango, ka sa tef daga bango zuwa kan gwiwa. Sai ka san da abin da kake ciniki.

Injiniya_Tumfure:
Tela wlh ka fi mu duka. Haka ake yi. Abin da ya fito sai a ƙara masa inci uku zuwa huɗu na kaurin kujera.

Ɗan_Jekadafari:
Na dawo jama'a. Bayan la'asar na ari tef wajen matata na zaunar da Baba a bencin zaure, yana ta tambaya wai ɗinkin me za a yi masa da ake auna cinya, da na ce na jirgi ne ya yi shiru sai ya ce Allah ya yi maka albarka, ni kaina sai da idona ya kawo ruwa. Inci 26 ya fito, kuma gwiwar dama ce mai ciwon. Kenan a 31 da ƙyar zai samu inci ɗaya ko biyu, in na gaba ya kwanto shi ke nan. Na kira ejan na ce ya turo min lambar jirgi da awannin kowanne cikin huɗun, ya sa mana keke, kuma ya tambaya ko za a samu layin bango. Ya ce sai gobe. Zuciyata ta fi karkata ga wanda zai sauke mu Madina, amma yayana ya dage a kan Qatar kamar Hamma.

Hamma_Pantami:
Yayanka ya san abu. Amma in kai tsayen babban jirgi ne ban hana ba.

Adda_Nas_Bolari:
Tunda ta dama ce, ka nemi kujerar da hanya take hannun damansa, wato ta bakin hanya a jerin hagu na jirgin, mai harafin C kenan a yawancinsu. Kuma ka kauce wa layin ƙarshe da layin da ke gaban ƙofar gaggawa, ba sa kwanciya. Baba yana shan maganin suga ko na hawan jini? Ka faɗa min kafin ka sayi safar.